Sharhi kan kwafin zanen jariri na Georges de La Tour

Kwafin nan an buga shi ne a kan kyallen auduga, santimita 50 a tsaye, 60 a kwance, aka ɗame shi a jikin katako. Asalin zanen yana gidan adana zane-zane na birnin Rennes a Faransa, tsayinsa santimita 76, faɗinsa 91. La Tour, mutumin yankin Lorraine da ya rasu a 1652, ya zana shi a shekarun 1640: mata biyu a ɗaki da dare, mai jar riga tana riƙe da jariri naɗe cikin tsumma, ɗayar ta kare kyandir da tafin hannunta.

Harshen wutar ba ya fitowa fili, haskensa kawai ake gani. Ya sauka a goshin jaririn da ɗan hancinsa, ya bi gaban jar rigar, sannan ya yi ta raguwa sannu a hankali. Duhun La Tour ba baƙi ƙirin ba ne, ruwan ƙasa ne mai ɗumi, kuma a nan ake gane kwafi mai kyau.

Jan rigar ya fito yadda ake so, fuskar jaririn ma haka, da laushinta. Matsalar tana gefen hagu. Bayan matar mai kyandir ya narke cikin duhu, domin tawada ta yi yawa a wurin har kyallen ya kasa nuna bambancin inuwa da inuwa. Wannan asara ce babba a zanen da rabinsa inuwa ne. Ga kuma man ƙyalli da aka shafa masa: da ka kunna fitila a gabansa, sai duhun ya koma fari-fari. A nemi marar ƙyalli.

Girman 50 a 60 ya dace da fasalin asalin. Kada a karɓi 60 a 90, sai an yanke kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsayin zanen kafin ya shiga.

Wajen ratayewa, a sa ƙwan lantarki mai haske rawaya-rawaya, wanda aka rubuta wa 2700K, daga sama a karkace kamar digiri 30. Farin ƙwai yana mayar da fatar jaririn toka-toka. A nisanta kwafin da taga, rana tana cin ja da wuri, musamman idan tawadar mai narkewa a ruwa ce. A tambayi mai bugawa irin tawadarsa, kuma a ce ya fara buga ɗan yanki na gefen hagun a gani kafin a biya.