Katunan Sunaye da Lambobin Tebur na Aikin Hannu: Yadda Suka Kaya a Dinar Ƙanwata

A watan Disamban da ya wuce aka aurar da ƙanwata, kuma da yake ni ce babba a ɗakinmu, hidimar liyafar dina ta faɗo a wuyana tun daga kama zauren taro har zuwa tsara wurin zaman baƙi. Cikin abubuwan da na ba da aikinsu akwai katunan da ake rubuta sunan baƙo a ajiye a gaban kujerarsa, da lambobin da ake kafawa a tsakiyar kowane tebur. Wata matashiya ce ta yi mana su da hannu, a wani ɗaki da ta mayar wurin aiki a gidan iyayenta da ke bayan Titin Zoo a Kano, kuma tun da aka watse daga bikin mutane suke tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya a wajen lambobin tebur da katunan manyan dangi, ba ta biya ba a wajen sauran katunan, sai dai mafi yawan laifin wannan nawa ne, domin mai aikin ta faɗa mini gaskiya tun ranar farko ban saurare ta ba.

A Instagram na fara ganin aikinta, amma ban yarda da hoto ba sai da na taka na je. Kayan aikin nata ba su da yawa: faifan yanka, rula ta ƙarfe, wuƙar yankan takarda, wani ɗan ƙashi mai santsi da take jan layi da shi kafin ta naɗe kati, sai alƙaluma iri biyu, na ƙarfe da na kara irin na makarantar allo wanda ta ce a Kasuwar Kurmi take sayowa. Ta ajiye mini takardu uku a gabana ta ce in taɓa. Ta farko ita ce farar takardar ofis da kowa ya sani, mai nauyin giram 80 a kowace murabba'in mita, ta biyu mai giram 160, ta uku kuma kwali mai giram 300. Ta naɗe kowacce gida biyu kamar rumfa, ta jera su a kan tebur, sannan ta kunna fanka. Ta farko ta tashi sama nan take, ta biyu ta ja ciki ta faɗi, ta uku ko gezau ba ta yi ba. Duk wanda ya san yadda ake jera fankoki da manyan na'urorin sanyaya wuri a zaurukan biki na Kano ya san amfanin wannan gwaji, don haka mai giram 300 na zaɓa ba tare da jayayya ba. Kowane kati tana yanka shi santimita 9 a faɗi da 10 a tsawo, idan an naɗe tsayinsa ya koma 5, kuma takardar A4 guda tana ba ta kati shida. Ta kuma nuna mini dalilin jan layi kafin naɗewa, wato kwali mai kauri idan aka lanƙwasa shi haka kawai bakinsa tsagewa yake yi, musamman a lokacin hunturu da takarda take bushewa ƙayau.

Ni na nemi a yi rubutun da tawadar gargajiya, wadda ake haɗawa da baƙin gawayi ko na tukunya da ƙaro, saboda ina son baƙinta kuma ina son a ce kayan gida aka yi amfani da su. Ba ta musa mini ba. Ta rubuta sunana da ita a kan kati ɗaya, ta rubuta da tawadar Indiya a kan wani, ta bari suka bushe muna ta hira, sannan ta aika aka kawo gorar lemo mai sanyi daga firiji ta ɗora a kan kowanne na ɗan lokaci. Da ta ɗaga, sunana na farko ya zama baƙin tabo mai zagaye, na biyu yana nan tsaf kamar ba a taɓa shi ba. Ta ce, "Anti, tawadar allo ai don a wanke aka yi ta." Maganarta gaskiya ce, domin ƙaro yana narkewa a ruwa, shi ya sa almajiri yake wanke allonsa ya sake sabon rubutu, ita kuwa tawadar Indiya irin wadda take amfani da ita tana ɗauke da wani danƙo da ba ya jin ruwa idan ya bushe. A teburin biki kuwa, inda gorunan ruwa da zoɓo suke gumi tun kafin amarya ta shigo, wannan bambanci shi ne komai. Da alƙalamin kara dai ta yi rubutun, kuma hakan ya ba haruffan kauri da siranta irin na rubutun allo, ko da yake da boko aka rubuta su.

Inda na fi jinjina mata shi ne wajen sunaye, domin a nan ne mai injin bugawa ba zai iya taimakon kowa ba. Na tura mata jerin sunayen kamar yadda suke a wayata, washegari ta kira ni ta ce ba za ta sa alƙalami ba sai mun zauna mun bi su ɗaya bayan ɗaya. A jerin akwai Aisha bakwai, da Fatima biyar, da Hajiyoyi waɗanda ban ma ƙirga ba, kuma kati mai ɗauke da "Hajiya Aisha" kaɗai ba zai zaunar da kowa ba sai dai ya haɗa faɗa. Sai kuma batun kunya. Uwar ango ba wadda amarya ko 'yan ɗakinsu za su kama sunanta gatsau ba ce, balle a rubuta shi a kafa a gabanta kowa yana karantawa, kuma akwai gwaggonmu da ta yi shekaru ba wanda ya kira ta da sunan yanka saboda sunan kakarmu gare ta. Mai aikin ce ta ba da shawarar a rubuta wa kowane babba sunan da gidan yake kiransa da shi, kamar "Hajiya Babba" da "Gwaggo" da "Baffa" da "Inna", idan ana tsoron ruɗani a ƙara sunan unguwa da ƙananan haruffa a ƙasa, kamar Fagge ko Gwale ko Hotoro. Wanda yake riƙe da sarauta kuma sarautar ce take hawa kan kati, domin ba a kiran mai rawani da sunansa a bainar jama'a. Lokacin da na karanta wa mahaifiyarmu sabon jerin, ta gyara wurare biyu kawai, sannan ta ce, "Wannan yarinya 'yar gidan mutunci ce."

Wani abu ƙarami da ya faranta mini rai shi ne haruffa masu lanƙwasa. Sau da yawa katin gayyata yana dawowa daga wajen bugawa an mayar da ɗ ta zama d, ƙ ta zama k, ko kuma an bar ɗan akwati a gurbin harafin saboda salon rubutun ado da aka zaɓa a kwamfuta ba shi da su. Mai rubutu da hannu ba ta da wannan matsala. Ɗanladi ya fito Ɗanladi, kuma duk sunan da yake da ƙ ya fito da ƙ ɗinsa, bai koma wani abu dabam ba.

A kan yawan katunan ne muka saɓa. Tebur talatin muka tsara, kowanne mai zagaye da kujeru goma, ni kuma na dage sai an rubuta wa mutum ɗari uku katin suna, domin haka na gani a hotunan bukukuwan Turai da na Legas. Ta ce mini, "Anti, kuɗinki ne, amma a Kano ba na ganin katin suna yana aiki bayan tebur shida na gaba." Ta ba da shawarar a yi wa sauran tebura katin rukuni guda ɗaya, kamar "Dangin Ango" ko "Abokan Aikin Amarya", a bar mutane su zauna yadda suka ga dama a ciki. Na ɗauka gudun wahala take yi, na ce a yi yadda na faɗa. Daren dina ya nuna mini wadda ta fi sanin gari. A teburan gaba, inda iyaye da manyan baƙi suke, kowa ya sami kujerarsa ba tare da an yi ta nuni da hannu ba, kuma a karon farko a bikin gidanmu ba a tashi wata dattijuwa daga kujera don a ba wata ba. Daga tebur na bakwai zuwa baya kuwa, wadda aka gayyata ita kaɗai ta zo da ƙanwarta da maƙwabciyarta, wanda aka ajiye wa kujera bai zo ba sai bayan an raba abinci, 'yan gayyar soɗi kuma suka cike duk inda suka ga wuri. Ba a kai sa'a guda ba na ga katunan da aka ɓata kwanaki ana rubutawa an tara su gefe, wasu ana fifita da su, wani yaro kuma yana gina gida da guda biyar. A al'adarmu ba a korar baƙo daga kujera saboda takarda, ni ma da na biya kuɗin ba zan yarda a yi hakan da sunan gidanmu ba.

Lambobin tebur su ne suka riƙe daren. Ta yi su a kan kwali mai girman A5, wato santimita 14.8 da 21, lambar kanta baƙa ce mai tsayin kusan tafin hannu, an rubuta ta gaba da baya don a gan ta daga kowace ƙofa, da alamar dagi ƙarama da ruwan gwal a sama. Ta ja layi a ƙarƙashin 6 da 9 saboda kada mai jerawa ya kifa ɗaya ta zama ɗaya, kuma kafin ta sa kafinta ya yi sandunan katako da ake soke su a kai, sai da ta tambayi tsayin furannin da masu kwalliyar zaure za su ajiye, ta sa sandunan suka ɗara su. Saboda haka 'yan matan da ke tarbar baƙi ba su sha wahala ba, abin da kawai suke cewa shi ne "tebur na sha biyu, Hajiya", kuma masu rabon abinci sun san inda suka tsaya da inda za su ci gaba.

A gindin kowace sanda ta ɗaura ƙyalle mai rinin shuni, irin wanda aka san marinar Ƙofar Mata da shi, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Ya yi kyau ƙwarai a kan farin mayafin tebur, amma a nan ne kuskurenta na farko yake. Sabon rinin shuni yana zuba, wannan halinsa ne kuma kowace mace a Kano ta san haka, don haka kamata ya yi ta wanke ƙyallayen sau da yawa ko ta sa wani abu a ƙarƙashinsu. Ba ta yi ba. Inda ruwa ya zuba, shuɗin ya kama mayafi, kuma da safe masu hayar kaya suka nuna mini guda huɗu da sai da na biya kuɗin wankinsu. Da na gaya mata ba ta yi gardama ba, ta nemi afuwa ta ce a cire kuɗin daga cikon da take bina, wanda hakan ya rage mini zafin abin.

Kuskure na biyu shi ne lokaci. Mun yi da ita za ta kawo kaya kwana uku kafin dina, sai a jajibiri da daddare suka iso, lokacin gida ya cika da 'yan kamu ba wanda yake da natsuwar duba sunaye ɗari uku. Na san na ƙara mata sunaye ashirin a makon ƙarshe, amma da ta ce mini hakan zai ja lokaci da na haƙura da su. Haka kuma ba ta ba da rasit, duk yarjejeniyarmu a saƙon murya na WhatsApp take, ga shi rabin kuɗi ta karɓa kafin alƙalami. Ban cutu ba, sai dai wanda zai ba ta aiki ya rubuta adadi da girma da ranar karɓa a saƙo guda, ya sa ta amsa a rubuce. Ta dai yi dabarar haɗo katuna goma sha biyar marasa suna da alƙalami guda, kuma biyu daga ciki sun fitar da mu kunya lokacin da wasu ƙannen mahaifin ango suka iso daga Zariya ba a sa rai da su ba.

Game da farashi, abin da na biya a kan kowane kati ya kusa ninka sau uku abin da masu bugawa suka faɗa mini a Sabon Gari, kuma ban ga tsada a ciki ba idan aka duba cewa kowane suna sai an zauna an rubuta shi, wanda ya ɓaci kuma sai an yanka sabon kwali. Tsadar tana zuwa ne idan mutum ya yi irin nawa, ya sayi ɗari uku alhali sittin yake bukata. Auren ƙaninmu yana tafe bayan Babbar Sallah, kuma na riga na kama ta, wannan karon da lambobin tebur talatin, da katin suna na tebur shida na gaba, da katin rukuni ɗaya ga kowane tebur da ya rage, kuma a rubuce muka yi cewa kaya za su iso mako guda kafin ranar. Sandunan katakon suna nan a ajiye a ɗakin Umma, don haka ba sai an sake komawa wurin kafinta ba, ƙyallayen shunin kuma ni zan wanke su da kaina.