Auduga ko Poliyesta: Duba Ƙyallen Wuya Kafin Ka Biya

Kuskuren da na fi gani wajen sayen riga shi ne a bi launi a manta da yadi. Riguna biyu kan yi kama a rataye, amma ɗan ƙyallen nan na cikin wuya shi ke faɗin gaskiya: wannan auduga ce zalla, waccan poliyesta.

Auduga tana shan gumi, iska na ratsa ta, jiki ya sarara. Sai dai tana yamutsewa, dole a bi ta da guga, kuma takan tsuke a wankin farko, musamman da ruwan zafi. Shi ya sa ba na sayen wadda ta kama ni cif-cif, nakan bar ɗan sarari a kafaɗa. Na taɓa yin sakaci, wanki ɗaya hannun rigar ya haye sama da wuyan hannuna. Abin ya yi mini ciwo, don ina son rigar.

Ita poliyesta daga man fetur ake sarrafa ta. Ba ta cika yamutsewa ba, ga saurin bushewa, launinta kuma na daɗewa. Amma ranar zafi gumi kan tsaya tsakaninta da fata, kuma tana riƙe wari ko bayan wanki. Dutsen guga in ya yi zafi da yawa yakan bar mata tabo mai sheƙi da ba ya fita.

Rigar da zan wuni a cikinta, auduga nake ɗauka. Ta tafiya kuwa, wadda za a wanke da dare a sa da safe, poliyesta ta fi.