Sifirin ko balan-balan? Leƙa ƙarƙashin tirela kafin ka ƙirga kuɗi

Mai sayen bodin tirela, abin da idonsa ke fara sauka a kai fenti ne da tayoyi. Ni ma haka na fara. Sai da na sha jigilar hatsi daga Dawanau zuwa kudu, ina juyowa da siminti ko taki, sannan na gane a ƙarƙashin mota asara take kwana: sifirin, yubol (ƙarfen nan mai lanƙwasa kamar harafin U da ke ɗaure sifirin), bushin (zoben da ake cusawa a mahaɗar ƙarfe da ƙarfe don hana wasa), da wurin da kan mota ya kama bodi. Yanzu in dillali ya kai ni ganin mota, kwali nake nema in shimfiɗa in shige ƙasa da tocila, shi yana can sama yana ta zuba.

Ba zan yi ɓoye-ɓoye ba, ni mutumin sifirin mai fallaye da yawa ne. Aikinsa a fili yake. Fallayen ƙarfe ne aka jera wani kan wani, santabol ya ratsa tsakiyarsu, yubol biyu suka ɗaure su a jikin aksil. Tsakanin aksil da aksil akwai ƙarfen nan mai lilo da ake ce wa ikwalaiza, shi ke raba nauyi idan tayar gaba ta faɗa rami ta baya tana kan tudu. Sai sandunan da ke riƙe aksil kada ya goce gaba ko baya. Shi ke nan. Ba iska, ba waya, ba kwamfuta. In falle ɗaya ya karye, 'yan'uwansa za su riƙe kayan ka lallaɓa zuwa gari, kuma a Tafa, ko Mararrabar Jos, ko Ogere, ba ka rasa bakaniken da zai kwance shi ido rufe. Tambayata ɗaya ce a kan kowane ƙarfe da zan saya: in ya lalace ƙarfe biyun dare tsakanin Mokwa da Jebba, wa zai gyara, kuma da me?

Yana da nasa aibin. Nauyi gare shi, kuma in mota ba kaya tsalle take kamar akuya, kwankwason direba ne ke biya. Amma kulawarsa ba ta wuce abin da yaron mota mai hankali zai riƙe ba. Duk dawowa daga tafiya a duba notin yubol. In ka ga jan gari kamar hoda a gefen yubol ko tsakanin fallaye, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, wato wani abu ya saki. In falle ya karye daidai ramin santabol, kada ka ɗora wa sifirin laifi, yubol ne ya yi sako-sako har fallen yake lanƙwasa a inda bai kamata ba. Bushin ikwalaiza kuwa da ƙarfen taya ake gwada shi: sa ka banƙara, in ya yi wasa ya ƙare. Tayar da ke cinyewa gefe ɗaya, ko bodin da ke bin kai a karkace kamar kare, sandunan aksil suke nuna maka. Sabon yubol kuma, bayan lodin farko sai an sake ɗaure shi, don fallaye suna zama. Wannan ɗaurin na biyu shi ne wanda kusan kowa ke mantawa.

Balan-balan fa, wato jakar robar nan mai iska da ke ɗaukar nauyi a madadin sifirin? Gaskiya yana da daɗin tafiya, kuma mai ɗaukar ƙwai, gilas ko kayan lantarki ya fi ni sanin amfaninsa. Tirelolin da ke zuwa daga Turai yawanci da shi suke zuwa. Sai dai can yawanci tan 40 ne iyaka, har da nauyin motar kanta. Mu nan buhun siminti 600 tan 30 ne, 900 kuma tan 45, ba a ma sa mota a lissafi ba. Ka ɗora wannan a kan roba, ka haɗa da bawul ɗin daidaita tsayi da ƙura ke toshewa, da shokazobar da in ta mutu balan-balan ɗin ya bi ta, ka ga dalilin da ya sa da yawa ke yanke shi su mayar da sifirin tun motar ba ta yi lodin farko ba. Siririn sifirin nan mai falle biyu ko uku kuwa ba ni da dogon zance a kansa: falle ɗaya ya tafi, ka kwana a daji. Na roba zalla da ke kan wasu tifofi, sai ka nemi kayansa za ka san ka saya.

Masu shiga Maraɗi ta Jibiya su tuna cewa a takarda dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, mai lamba 14 ta 2005 ta tsayar da tan 11.5 a kan aksil ɗaya. Ƙarin fallaye ba ya canza wannan, kuma ba ya ƙara wa aksil ko birki ƙarfi. Na ga masu cusa falle uku huɗu a kan na kamfani don su ƙara lodi. Sifirin ya daina lanƙwasa, duk dukan hanya ya koma kan shasi, bayan wata shida ana neman mai walda.

Yanzu ga inda aka ƙone ni. Wata shekara da damina sifirin biyu na aksil ɗin tsakiya suka gaji, na je wata kasuwar kayan mota. Mai shago ya jawo min guda biyu, baƙi wuluk suna sheƙi.

"Alhaji, wannan ɗan Beljiyam ne, daga jikin mota aka ciro shi. Wallahi ko wata uku bai yi aiki ba."

Farashin ya yi ƙasa da na maƙwabcinsa sosai, na ɗauka Allah ne ya ciyar da ni. Tafiya ta biyu direba ya kira ni da asuba, ya ce, "Maigida, mota ta kwanta gefe ɗaya, taya tana gugar bodi." Masara ce a kai, ga ruwa ana yi. Sai da na ɗauki hayar wata mota aka juye kayan, tayoyi biyu suka tafi, mai kaya kuma bai ƙara kirana ba har yau. Da aka kawo fallayen gareji, dattijon da ke yi mana aiki ya sa wuƙa ya kankare fentin, ya nuna min ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi a wurare uku. Ya ce, "Ɗana, wannan ai wuta ya sha. Mataccen sifirin ne aka gasa aka lanƙwasa, aka yi masa wanka." Ƙarfen sifirin da zarar an gasa shi da wutar gas, taurin da kamfani ya ba shi ya tafi, ba ya dawowa. A ido ga shi a gantsare kamar sabo, lodi ɗaya zai miƙar da shi.

Tun daga ranar, ɗan Beljiyam mai sabon fenti ba na ko taya shi. Me zai sa a fente abin da aka ce daga jikin mota aka ciro? Na gaskiya da tsatsarsa da ƙurarsa yake zuwa. Ka sa a kwance maka fallayen ɗaya bayan ɗaya, in mai shago ya ƙi ka kama gabanka. Duba bakin kowane falle inda yake gugar na samansa, in ya yi kwari ya sha aiki. Duba ramin santabol, zagaye yake ko ya zama kamar ƙwai. Rataye falle ka buga masa guduma: lafiyayye yana amo mai tsawo, mai tsaga kuwa ƙwas zai yi ya yi shiru. Ja igiya daga baki zuwa baki ka auna zurfin gantsarewar, na dama da na hagu su zo daidai, kuma biyu ake canzawa tare a aksil ɗaya. Ko ɗigon walda ka gani a jikin falle, ajiye shi. Auna faɗi ma, don akwai mai milimita 90 akwai mai 100, kuma na ga wanda aka sayar wa gauraye a ɗauri ɗaya.

Sabon ma ba a tsira ba. Sunan kamfani irin BPW ko SAF ko Fuwa a jikin kwali ba shaida ba ce, kwali da sitika kowa na iya bugawa. Ba ni da faɗa da kayan Caina, motocin Howo da suka cika hanyar Obajana da su suke aiki, kuma sabon Caina mai kyau ya fi min tsohon Bature da aka yi wa kwaskwarima. Amma Caina hawa-hawa ce, kuma mai shago ya san hawan da ya ba ka ko da ya rantse. Ɗaga falle biyu masu tsawo ɗaya ka ji nauyinsu. Yubol shi ne aka fi cutar mutane da shi, don ƙarami ne ba a kula: rodin gini ake lanƙwasawa a yanka masa zare a fente. Zarensa kaifi gare shi da kaushi, kuma yana miƙewa tun ana ɗaure shi. Tsohon yubol ma in an kwance shi kada a mayar, ya riga ya ja. Bushin jabu kuwa farce yana shiga robarsa, wani har baƙi yake bari a hannu.

Sai tantebur da kinfin, wato farantin da ke bayan kan mota wanda bodi ke hawa, da ƙarfen da ke ƙarƙashin bodi wanda ke shiga bakinsa ya kulle. Kinfin kala biyu ne, mai inci 2 da mai inci 3.5, kuma dole bakin tantebur ya dace da shi. In ka sa siriri a bakin babba zai yi kamar ya kama, alhali wasa yake a ciki. Ga mai kaya irin nawa a kan hanyoyinmu, babban na fi so, in dai kai da bodi duka naka ne. Mai sauya bodi da na mutane ya tsaya a inci 2, ya fi yawa. Tantebur na zubi irin na kamfanin JOST ya fi na farantin da aka matse jure duka, kuma ana samun kayan gyaran bakinsa. Mai shimfiɗar roba da aka ce ba ya son giris, ƙurar hunturu ɗaya ta ishe shi.

Kinfin inci 2 wuyansa milimita 50.8 ne yana sabo, in ya sauka zuwa 49 ya gama aiki. Kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe su auna, ido ba ya ganin milimita biyu. Abin da maciya amana ke yi shi ne su cike wuyan da walda, su goge a inji, su shafe da giris. Shi ya sa nake zuwa da tsumma da fetur, in wanke shi tas. In ka ga launi biyu ko ƙananan ramuka kamar na allura, an yi masa ciko. Ƙarfen da tan 40 ke rataye a wuyansa ke nan a gangaren Lokoja. Kinfin da ake ɗaurewa da kusoshi ya fi min wanda aka liƙe da walda, don ana canza shi ba tare da an yanka bodi ba, amma karanta kan kusoshin ka ga lambar ƙarfinsu, kada a sa maka na ƙofa.

Giris a kan tantebur, a kankare tsohon tukuna. Giris da yashi in sun haɗu sun zama dutsen niƙa, kuma busasshen tantebur har sitiyari yake taurarawa a kwana. Direba in ya haɗa kai da bodi, ya ja birkin tirela ya ɗan fizga a giya ɗaya, sannan ya sauko da tocila ya gani da idonsa: ba tazara tsakanin faranti da bodi, baki ya rufe a wuyan kinfin, hannun ya koma an sa masa makari. Ƙarar da ya ji daga cikin kai ba hujja ba ce.

Tiyon iska da ke tsakanin kai da bodi kuwa, ja shi ke cika tankin tirela, rawaya shi ke kai umarnin birki, a motocin Amurka irin Mack shuɗi ne a madadin rawaya. Na arha rana ɗaya ta Sakkwato ke busar da shi ya tsage a bakin noti. 'Yar robar da ke bakin mahaɗin ba ta kai kuɗin kwanon tuwo ba, amma ita ke sa kwampireso ya yini yana aiki. Kowace motata akwai guda goma a cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin kujerar direba, da tiyo ɗaya ja ɗaya rawaya, kuma ni nake ƙirga su da kaina in an dawo, don yaran mota sun gano ana sayensu a tasha.