FamilySearch a kan ma'auni: bin salsalar manoman Jamus da suka yi ƙaura zuwa Amurka

Ɗalibin tarihi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko mai shagon intanet a Maradi da aka ba aikin binciko salsalar wani iyali na manoman Jamus, da FamilySearch, shafin intanet na binciken zuriya, ya kamata ya fara. Kyauta ne, rajista kawai ake yi, kuma ana iya mai da shafin zuwa Faransanci. Cocin Mormon da ke Salt Lake City a jihar Utah ne ke tafiyar da shi, tushensa ƙungiyar tattara tarihin zuriya da aka kafa a 1894. Hukuncinmu a kansa: a ɓangaren Amurka gwani ne, amma da wuya ya tsallaka da kai teku zuwa ƙauyen asali shi kaɗai.

Sai an san dalilin tafiyar ake sanin inda za a nemo takarda. Jamusawa wajen miliyan 5 ne suka shiga Amurka a ƙarni na 19, kwararar ta fi ƙarfi a 1854 da 1882. A kudu maso yammacin Jamus, wato Baden, Württemberg da Pfalz, ana raba gona tsakanin dukan magada har ta koma ba ta ciyar da gida, abin da duk wanda ya ga yadda gandu ke ƙanƙancewa a karkarar Maradi zai gane nan take. A Westfalen da Hannover kuwa ɗa guda ke gaje gona, sauran su nemi nasu. Cutar dankalin turawa ta 1845 zuwa 1847 ta ƙara ingiza su. Da yawansu sun sauka a Ohio, Missouri, Illinois, Wisconsin da Texas.

Daga takardun baya-bayan nan ake farawa, a gangara zuwa tsofaffi. Ƙidayar jama'ar Amurka tana kan shafin, kuma ta 1900 ce ta fi amfani domin ta rubuta shekarar da mutum ya shigo ƙasar. Daga nan a koma 1880, 1870, 1860, har 1850, wadda ita ce ta farko da ta jera sunan kowane mutum a cikin gida, ban da bayi. Kada a ɓata lokaci neman ta 1890, gobarar 1921 ta cinye kusan dukanta. A gurbin wurin haihuwa za a riƙa ganin Prussia, Bavaria ko Württemberg, saboda Jamus ba ta zama ƙasa ɗaya ba sai 1871. Wannan alama ce mai kyau, amma masarauta ce, ba ƙauye ba.

Nan ne aikin ke cijewa. A Jamus babu wata rajista ta ƙasa baki ɗaya ta wancan zamani. Rajistar haihuwa, aure da mutuwa ta gwamnati ta game ƙasar ne a 1876, kafin nan yawancin wurare littafin coci ne, kowace coci da nata. In babu sunan ƙauye, babu littafi. Takardun jiragen da suka sauka New York daga 1820 suna kan FamilySearch, sai dai galibi ƙasa kawai suke ambata. Na Bremen, tashar jiragen ruwa ta Jamus da ta fi kowace fitar da masu ƙaura, an lalata mafi yawansu. Na Hamburg daga 1850 zuwa 1934 sun tsira kuma suna faɗin garin da mutum ya baro, amma Ancestry, wani shafin binciken zuriya, ne ke da su a jere, shi kuma na kuɗi ne. Takardar zama ɗan ƙasa ta bayan 1906 tana ba da garin haihuwa, ta kafin nan sau da yawa ba ta cewa komai sai sunan sarkin da mutum ya fita daga mubaya'arsa. Wurin da ya fi fitar da sunan ƙauye shi ne littafin cocin Jamusawa a can Amurka, musamman shafin aure da na jana'iza. A neme shi a kundin FamilySearch ta sunan gunduma, ba ta akwatin neman suna ba, domin littattafai da yawa an ɗauki hotonsu amma ba a shigar da sunayen ciki ba.

Suna ma tarko ne. Müller ya koma Miller, Schmidt ya koma Smith, Zimmermann ya zama Carpenter. Alamar tauraro a akwatin nema tana taimakawa: a rubuta M*ller, duka su fito. A gida ɗaya ana iya samun ƴaƴa maza uku duk Johann, sunan na biyu ne ake kiran kowa da shi, don haka Johann Georg na littafin coci shi ne George na ƙidaya. A Westfalen, namijin da ya auri magajiyar gona yakan ɗauki sunan gonar, a rubuta “genannt” tsakanin tsohon suna da sabo. Wanda bai san haka ba zai mai da mutum ɗaya biyu.

Babban aibin shafin shi ne bishiyar zuriya ta haɗaka. Guda ɗaya ce ga duniya duka, kowane mai rajista na iya sauya bayanin mamaci. Abin takaici ne a ga an haɗa Johann Schneider na wani ƙauye da na wani don kawai shekarar haihuwarsu ta zo ɗaya. Duk reshen da ba a liƙa masa hoton takarda ba, jita-jita ne har sai an tabbatar. Na biyu, wasu hotuna suna ɗauke da alamar kyamara da makulli a kai, ba sa buɗuwa sai a cibiyoyin shafin ko ɗakunan karatu masu yarjejeniya da shi. A nan sai a juya zuwa shafin Matricula, kyauta, don littattafan Katolika, ko Archion, na kuɗi, don na Furotesta. Shafin Meyersgaz, wanda aka gina kan kundin garuruwa na 1912, zai nuna coci-cocin da ke kusa da ƙauyen.

Kurrent, tsohon rubutun hannun Jamusawa da ke cikin littattafan coci, ba ya karantuwa a salula. Harafin e yana kama da n, h kuma yana sauka ƙasan layi kamar f, sai an faɗaɗa hoton a kwamfuta, da jadawalin haruffa a gefe. Hotunan suna da nauyi, suna cin mega, kuma idan rezo ya yi rauni rabin shafi kan tsaya a dushe. Neman suna a yi shi a waya, karatun littafi a bari sai an samu layi mai ƙarfi. Duk hoton da aka yarda a sauke, a sauke shi nan take, a sa masa sunan coci, shekara da lambar hoto, tun da yarjejeniya da ma'ajiyar takardu kan sauya, abin da ke buɗe bana ya kulle baɗi.