AirNow da taswirar guguwa ta SPC: aikinsu na da kyau, amma sai ka iya karanta su

Daga Yuni zuwa Agusta, mazauna tsakiya da arewa maso gabashin Amurka abu biyu suke sa wa ido a sama: hayaƙin gobarar daji, wanda yawancinsa daga Kanada yake gangarowa, da kuma hadari mai tafe da iska da ƙanƙara. Gwamnati na da taswira kyauta ga kowannensu. Ta hayaƙi ita ce Fire and Smoke Map ta AirNow, wadda hukumar kare muhalli ta EPA da hukumar gandun daji ke gudanarwa. Ta hadari kuwa daga cibiyar hasashen guguwa ta SPC take fitowa, a garin Norman na jihar Oklahoma. Dukkansu abin dogaro ne, sai dai kowacce na da tarkon da ke kama wanda ya tsaya ga launi kawai.

Taswirar AirNow tana auna PM2.5, wato ƙwayoyin hayaƙi da ba su wuce maikiron 2.5 ba, masu ratsawa har cikin huhu. Tana ba iskar kowane wuri maki da launi: maki 0 zuwa 50 kore ne, 51 zuwa 100 rawaya, 101 zuwa 150 ruwan lemo, inda masu asma da ciwon zuciya da yara da tsofaffi ya kamata su rage zama a waje. Daga 151 ja ne, kuma ya shafi kowa. 201 zuwa 300 shunayya. Abin da ya haura 300 kuwa ba na fita ba ne. Tun 2024 aka tsaurara ma'aunin, iyakar kore ta sauko daga maikirogiram 12 zuwa 9 a kowace mita kubik, don haka yawan rawaya da ake gani yanzu ba lallai ba ne iska ta ƙara lalacewa.

Babban alfanunta shi ne ta haɗa na'urorin gwamnati masu tsada da dubban ƙananan na'urorin PurpleAir da mutane ke ratayawa a gidajensu. Waɗannan ƙanana sukan zuzuta yawan hayaƙi, shi ya sa EPA ke bi da alkalumansu ta wani lissafin gyara da ke la'akari da laimar iska kafin a ɗora su. Idan ka ga lambar shafin PurpleAir ta fi ta AirNow, galibi dalilin ke nan. Duk da haka kada ka yanke hukunci da na'ura guda. Wadda aka rataye kusa da wurin gashin nama za ta nuna ja alhali unguwa lafiya lau. Duba uku ko huɗu na kewaye da kai.

Inda aka fi yin kuskure shi ne toka-tokan da ke lulluɓe taswirar. Wannan zane ne daga hoton tauraron ɗan Adam, yana nuna akwai hayaƙi a wani wuri tsakanin ƙasa da sama, bai ce a tsayin hancinka yake ba. Hayaƙi na iya wucewa kilomita da dama a sama, rana ta yi ja, amma ɗigon da ke nuna na'urar unguwarku na kore. Haka nan da dare ko a ƙarƙashin gajimare tauraron ba ya ganin hayaƙin. Ɗigo za ka bi, ba inuwa ba. Wani rauninta kuma, halin yanzu take faɗi, ba ta gobe ba. Mai son sanin gobe sai ya nemi hasashen HRRR-Smoke na hukumar yanayi ta NOAA, wanda ke kaiwa awa 18, wani zubin 48, ya kuma zaɓi shafin hayaƙin kusa da ƙasa. Wanda ya tuna yadda samaniyar New York ta rine a ranar 7 ga Yuni, 2023 ya san cewa 'yan awoyi sun isa gari ya juye.

Taswirar SPC matakai biyar gare ta: Marginal, Slight, Enhanced, Moderate, High. Sunayen nan ne babban aibinta. Mataki na biyu ma'anar sunansa “kaɗan”, na huɗu kuma “matsakaici”, alhali ranar da aka sa na huɗu rana ce ta ɓarna mai yawa. Gara ka riƙe lamba, 2 cikin 5 ko 4 cikin 5, sannan ka buɗe shafukan kashi cikin ɗari na iska, ƙanƙara da guguwar tonado daban-daban. Kashin yana nufin yiwuwar abin ya faru cikin mil 25 daga inda kake. Kashi 15 na iska ba ƙaramin abu ba ne, domin iskar da ake ƙirgawa ita ce mai gudun mil 58 a awa zuwa sama, ƙanƙarar kuma mai faɗin inci ɗaya. Ana sabunta taswirar ranar sau biyar, saboda haka abin da ka gani da asuba na iya canzawa kafin azahar. Iskar derecho (hadari mai iska mai ƙarfi da ke tafiya mai nisa) da ta ragargaza Cedar Rapids ta jihar Iowa a 10 ga Agusta, 2020, da ƙarfin da aka ƙiyasta ya kai mil 140 a awa, irin hadarin da ke wuyar hangowa tun jiya ne.

A sani kuma, SPC ba ta ba da gargaɗin gudu zuwa mafaka. Wannan aikin ofisoshin yanayi na yankuna ne, kuma wayarka ba za ta yi ƙara don kowane hadari ba, sai na tonado ko wanda iskarsa ta kai mil 80 ko ƙanƙararsa inci 2.75. Rediyon yanayi na NOAA mai batir ne ke toshe wannan giɓin.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne taswirorin biyu ba sa magana da juna, alhali a gida matsalar ɗaya ce. Ka rufe tagogi saboda hayaƙi, ka kunna matatar iska, sai hadari ya kayar da turakun lantarki, ɗaki ya yi zafi, matata ta mutu. Babu shafin da zai haɗa maka wannan lissafin. Duk ranar da AirNow ta kai ruwan lemo, SPC kuma ta sa mataki na 2 ko fiye, a caja batura tun safe, a tace iskar ɗaki guda a rufe shi, a ajiye takunkumin N95 kusa. Janareta kuwa a waje, aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa da taga.