Competent ko Capable: Wacce Ta Fi Dacewa a Takardar Shaida?

Ɗalibai da masu neman aiki sun sha tambayata wacce kalma ce ta fi dacewa tsakanin "competent" da "capable" idan ana son a shaidi mutum da Turanci, tunda dukkansu suna nufin iya aiki.

Kalmar "competent" tana nuna cewa mutum ya cika ƙa'idar da aka gindaya, wato ya koyi aikin kuma yana yin sa daidai, kamar direban da ya ci gwajin tuƙi. Shi ya sa lauyoyi ke amfani da ita wajen ambaton kotun da ke da hurumin sauraron shari'a. Sai dai tana da haɗari, domin a wurin Turawan Ingila, malamin da ya rubuta cewa ɗalibinsa "competent" ne bai ƙara komai ba, tamkar ya ce ba yabo ba fallasa ne, kuma mai karantawa zai gane hakan nan take.

Ita kuwa "capable" tana duban nauyin da mutum zai iya ɗauka, har wanda ba a taɓa ɗora masa ba, saboda haka ta fi armashi wajen yabo. Amma idan aka biyo ta da "of" tana iya juyewa, domin "capable of lying" na nufin mutum ba zai ji nauyin yin ƙarya ba.

Mai tabbatar da ƙwarewar injiniya ko ma'aikaciyar jinya a takardar hukuma, "competent" ce tasa. Wanda kuma ke neman a ƙara wa ma'aikacinsa girma, "capable" za ta fi yi masa amfani.