Rumfar abincin Madam ta bakin kara, Maigatari

Masu tambayata ina ake samun abinci mai kyau ran kasuwar Maigatari, to ga amsa. In ka fito daga kara ta wajen da tireloli suke lodin shanun kudu, akwai wata rumfar kwano mai bencina dogaye, ba allo ba suna, kowa dai Madam yake ce mata. 'Yar kudu ce, Kirista, ta daɗe a garin sosai, Hausarta ma har da karin magana sai dai harshen bai gama karyewa ba.

Abincin dai wlh ba laifi. Sakwara da miyar agushi ita ce gaba, a turmi ake daka ta kana zaune kana jin luguden a bayan rumfa, ba irin ta garin leda ba. Akwai teba, akwai shinkafa da wake, akwai tuwon shinkafa miyar kuka saboda mutanenmu, amma tuwon gaskiya bai kai na gida ba, ya cika ruwa. Farfesun kayan ciki kuwa sai wanda ya yi sammako. Yaji ne dai ba ta wasa da shi, in kana da olsa ka faɗa tun kafin a zuba.

Abinda yasa ma na zauna rubuta wannan shine wata magana da nake yawan ji, wai ya za ai Musulmi ya ci abincin wadda ba ta sallah. To ni dai na san aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, kuma ko ba wannan ba, namanta a wajen mahautan garin take siya, yankan Musulmi, da safe zaka ga yaron mahauci ya kawo mata a baho. Giya kuwa babu ita, Jigawa ce, tun 2000 ake shari'a kuma ita ma ta san inda take zaune. Direbobin da suka tambaya dariya kawai take musu ta miƙa musu lemo.

Kuma bata ɓoye addininta ba fa. Kalandar coci na nan rataye jikin kwano, da ƙaramin kuros a wuyanta, ran Lahadi rumfar a rufe take sai yamma. Gefe guda kuma ga butoci cike da ruwa da tabarma a naɗe, 'yan matan da suke mata aiki biyu Musulmi ne da hijabinsu, in an kira sallah ita da kanta take cewa ku tashi kuje zan riƙe. Da azumi takan saki buhu ta rufe gaban rumfar, direbobin Anacha da Fatakwal su shiga ciki su ci abinsu ba a idon mutane ba, ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya ce ta rufe. Wani malamin makaranta da muke haɗuwa a wajen yana son kawo zancen tsarin mulkin 1999, wai sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, na 38 kuma ya ba kowa 'yancin yin nasa, sai a kaure da musu kan ko Najeriya sekula ce ko ƙasa mai addinai da yawa, dillalai na cewa Malam bar mu mu ci abinci. Benci ɗaya zaka ga Bafulatani da sandarsa, Buzu daga Nijar da rawani, Inyamuri mai siyan shanu, kowa hannu cikin miya ana rigimar la'ada.

Inda ban ji daɗi ba, na farko kuɗi. Ran Alhamis, ranar kasuwa, farantin da ake siyarwa 1,500 sai ya koma 2,000 kuma naman bai ƙaru ba, na mata magana tace Alhaji kai ma ai yau ka ƙara wa sanka kuɗi. Sai ruwan wanke-wanke da ake zubarwa a bayan rumfa, da damina ƙuda ya yi yawa, ya kamata a haƙa rami ko a ja kwata. Rediyonta ma wani lokacin waƙoƙin coci take saki da ƙarfi har baka jin mai kiranka a waya, amma in masallacin kusa ya tada sallah tana kashewa, wannan kam na shaida. Sannan babu wajen mata daban, in kazo da iyali gara a zuba muku a kula ku tafi.

Tana karɓar tiransifa in akwai sabis, in babu kuma sananne ne kai zata ce ka kawo wani satin. Ni na bata huɗu cikin biyar. Kuje kafin ƙarfe 2, bayan nan sakwara ta ƙare sai teba.